Ƙulli Goma Sha Tara na Yaya Lawai

Ni ba mutumin tafiya ba ne, kowa a Fakuwa ya san haka. Ko kasuwar Kankiya na ci, la'asar ba ta yi mani a can. Sai in fara tunanin ko an ba akuyata ruwa. Surutu ne nawa, da zaman ƙofar gida. To amma ni ɗin ne Allah ya kai har Kumashi, ƙasar Asante, a zamanin Turawa, 'yan shekaru bayan sojoji sun dawo daga Bama. Ba neman arziki ya kai ni ba. Wana na je nema, Yaya Lawai.

Shi ne ɗan farin Inna, don haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunanshi a bakinta ba. "Wancan" take cewa, ko "yayanku". Shekara bakwai yana Kurmi yana ɗaurin goro. Shekaru huɗun farko fatake na kawo saƙonshi, atamfa da sabulu da gaisuwa. Daga nan sai shiru, wanda aka tambaya ya ce bai gan shi ba. Da gero ya shiga rumbu a shekara ta bakwai, Inna tana tankaɗe, ba ta ko dube ni ba ta ce, "Isiya, ƙafata ta fara nauyi. Ka tahi ka zo mani da wancan." Iyakar maganar ke nan.

Jirgin ƙasa ya ajiye ni Ikko da kumburarrun ƙafafu. Ina tsaye da ƙunshina, ban san gabas ba, sai wani mai farar riga ya dafa ni ya ce, "Ɗan'uwa, daga ina?" Na ce Kankiya. Ya ce ai shi ma Bakatsine ne. Kunnena ya gaya mani Hausarshi ba ta wajenmu ba ce, amma kwana uku ban samu wanda zan yi hira da shi ba, sai na ƙi jin kunnen. Na ba shi labarin Inna, da akuyata, da komai. Ya karɓi kuɗin mota har Ankara, inda zan kama ta Kumashi, ya sa ni a wata babbar mota, ya yi mani addu'a mai kyau. Motar ko iyakar ƙasar da Faransa ke mulki ba ta kai ba ta sauke kowa, direba ya ce nan ce iyakarshi kullum.

Na zauna bakin hanya ina kallon ruwan da ba shi da tsallake. Wata Bayarba mai sayar da kifi ta yi ta dubana, can ta miƙo mani eko, wato agidi, guda biyu a ganye da kan kifi, ta yi mani alama da hannu in ci. Ba mu ji yaren juna ba. Har yau in na yi wa iyayena addu'a ina sa ta. Wasu Zabarmawa masu kora shanu ne suka ɗauke ni, ina taya su kora, suna ba ni gari, har na samu motar Kumashi.

Kumashi gari ne mai duhun itace, abinci kuwa rogo da sakwara da dokunu mai tsami. Ba gero, ba nono. A zango, unguwar Hausawa, na shiga tambayar Lawai Bakatsine mai ɗaurin goro. Duk wanda na tambaya sai ya dubi na kusa da shi. Wani dattijo ya ce, "Lawai ai babu mai hannunshi. Huhun da ya ɗaure har Kano ganye ɗaya ba ya kwancewa." Sannan ya ce, "Ka duba bayan tashar mota."

Da hantsi na same shi, zaune jikin wata rumfa inda ake sayar da farar giyar nan da ake dafawa daga bammi, wadda mu nan ake ce wa ogogoro. Da ba don tabon lauje da ke goshinshi ba, da na wuce shi. Na durƙusa na ce, "Yaya."

Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Wa ya mutu?"

"Ba kowa. Inna ce ta ce in zo da kai."

"Ta ambaci sunana?"

"Ka san ba ta yi."

Ya yi wata 'yar dariya, ya ɗago hannayenshi ya nuna mani. Rawa suke kamar ganye. Ya ce, "To ka koma ka ce mata ba ka gan ni ba. Kowa ma haka yake cewa."

Ban koma ba. Na kama dako a kasuwa, na samu wani ɗan ɗaki na jawo shi ciki. Babu abin da ban gwada ba. Na karɓo rubutu, ya sha ya bi da giya. Wani mai magani ya sayar mani da gari ya ce in zuba a koko, wai ko warinta ba zai ƙara so ba. Yaya ya yi amai kwana biyu, rana ta uku ya koma rumfa. Na yi kuka, na yi roƙo, na ɓoye takalmanshi, ya tafi ba takalmi.

Azumi mai koko ce ta gane halin da nake ciki, don kullum kwano biyu nake saye, ɗaya ya dawo ba a taɓa ba. Wata safiya tana zuba mani ta ce ƙasa-ƙasa, "Baƙo, mijina ma ya yi irin wannan. Ka je bayan shagon Ndagi tela, Lahadi da Laraba, bayan la'asar. Can suke zama."

Na ce, "Malami ne?"

Ta ce, "Kai dai ka je."

Mu a gida, in mutum ba ya iya zuwa wurin mai magani, ɗan'uwanshi ke zuwa ya karɓo mashi. Haka na taso na gani. Don haka ranar Laraba na wanke rigata na tafi karɓo wa Yaya magani.

Ban ga allo ba, ban ga ƙwarya ba. Maza tara ne zaune a tabarmi ƙarƙashin mangwaro, da faranti na goro a tsakiya. Babbansu wani tsohon soja ne, Baba Saje, Bagobiri, yatsunshi biyu na hannun hagu sun tafi a yaƙi. Shi ya kafa zaman. Ya ce a asibitin soja ya ga wasu na yin irinshi. Kowa ya ciro wata igiya daga aljihu, siririya, irin ta ɗinkin buhu, cike da ƙulle-ƙulle. Ƙa'idar ita ce, kowace safiya, in jiya ta wuce ba ka sha ba, ka yi ƙulli ɗaya. In ka sha, ka zo gaban 'yan'uwa ka kwance duka da hannunka, ka sake farawa. Ba mai yi wa wani wa'azi. Abin da aka faɗa a ƙarƙashin mangwaro nan yake kwana.

Ɗaya bayan ɗaya suka yi ta magana. Wani ya ce ya sayar da keken ɗinkin matarshi. Wani ya ce yana kwance a kwata aka wuce da gawar ɗanshi. Manyan mutane, masu gemu, suna faɗin abin da ko bango ba zan iya gaya wa ba. Sai ido ya dawo kaina.

Na so in ce wana ne, sai na fasa. Mutumin da ya goya ni, ya koya mani riƙon hauya, in tona mashi asiri gaban baƙi a ƙasar wasu? Sai na ji kaina ina cewa, "Sunana Isiya, daga Fakuwa ta ƙasar Kankiya. Ina sha."

Ndagi, mai shagon, Banufe ne, kun san wasan da ke tsakaninmu da su. Ya leƙo fuskata ya ce, "Ashe bawana ne ya zo. Me kake sha, Bakatsine? Kunun tsamiya?"

Aka yi dariya. Na ce, "Ko me nake sha, ban kai Banufe ba, da aka haifa cikin ruwa." Aka ƙara dariya. Baba Saje bai yi ba. Ya dube ni, ya yanko igiya ya miƙo mani, ya ce, "Sannu da zuwa."

Haka na yi wata ɗaya da rabi. In aka zo kaina sai in ba da labarin Yaya in ce ni ne: yadda na faɗi a tasha, yadda hannuna ya hana ni aikin goro. Kowace safiya in yi ƙullina, abu mai sauƙi ga wanda bai san ɗanɗanonta ba. Igiyar kuwa sai in tura ta ƙarƙashin tabarmar Yaya, kamar laya, wai ko ta kama shi. Abin da na ji a zaman in zo in juye mashi, da muryar kowa, don ni na iya kwaikwayo. Wani lokaci ya yi dariya, wani lokaci ya juya mani baya. Kuma in faɗi gaskiya, zaman ya shiga raina. Nan ne kaɗai a Kumashi nake jin kamar ina ƙofar gidanmu.

Wata Lahadi muka tarar da Ndagi zaune ba wasa a bakinshi. Igiyarshi ta fi ta kowa tsawo in ban da ta Baba Saje, har naɗe ta yake a hannu. Ya ce, "Jiya na je suna, na sha." Ya fara kwancewa. Ƙullin farko-farko sun tsufa sun ƙanƙame, sai da haƙori. Har rana ta yi ja yana kwancewa, ba wanda ya tashi. Da ya gama Baba Saje ya fasa goro ya ba shi rabi ya ce, "Gobe ɗaya." Ni kuwa ƙullina arba'in da biyar suna aljihu, ban sha wuyar ko ɗaya ba. Ji na yi kamar na sato su.

Da aka watse Baba Saje ya ce in raka shi. Muna tafe ya ce, "Isiya, tun ranar farko mun sani. Mai sha in yana ba da labari ƙasa yake kallo. Kai fuskokinmu kake kallo ka ga ko labarin ya yi daɗi."

Muka ɗan ƙara gaba.

Ya ce, "Ba na tambayarka wane ne. Amma wannan abin ba a karɓar wa wani. Da ƙafarshi zai zo. Kai dai ka ci gaba da zuwa, wanda ke zaune da mai sha shi ma yana da ciwonshi."

Na ci gaba da zuwa, amma kunya ba ta bar ni na sauya magana ba. Ranar Laraba ina cikin ba da labarin yadda na farka a kwata, ashe Malam Barau, wani falke ɗan Kusada da ya san gidanmu, yana cikin shago ya zo karɓar ɗinki. Ta ƙofar baya ya ji komai. Bai yi mani magana ba. Tasha ya wuce ya samu Yaya, a gaban mutane ya ce mashi, "Shekara uku ina rufa maka asiri. Tsohuwa ta aiko ƙanenka ya ɗauke ka, ka koya mashi. Wannan kam sai na faɗa a gida, kafin a aiko na uku." Washegari da sassafe motarshi ta tashi.

Ni ban san an yi ba. Na dawo daga dako na tarar da Yaya zaune, igiyata a hannunshi. Ya ce, "Matso." Ya kama haɓata ya sansana bakina, kamar yadda yake yi mani muna yara in na saci ƙuli-ƙuli. Ya ce, "Ba ka sha."

"Ba na sha, Yaya."

"To me ka je yi cikinsu?"

"Magani na je karɓo maka."

"Da sunan wa?"

"Da nawa."

Sannan ya gaya mani abin da Barau ya ce. Ya ce, "Na san ƙarya ce, kuma ban buɗe baki na kare ka ba. Ƙishi nake ji, so nake ya gama ya tafi."

Ranar Lahadi an fara zama ke nan sai na ga Ndagi ya ɗaga kai. Yaya ne tsaye bakin ƙofar baya, ya yi wanka, yana dafe da bango. Ya yi sallama. Ya ce, "Ku karɓe igiyar ƙanena, ba tashi ba ce. Labaran da ya ba ku nawa ne, kuma ya rage su. Sunana Lawai."

Ndagi ya matsa mashi a tabarma ya ce, "Zauna, Bakatsine. Ga na gaske ya zo. Wannan naka ko ƙarya bai iya ba."

Washegari Baba Saje ya zo ɗakinmu da kanshi don ƙullin farko. Yaya ya riƙe igiya, bakin ya ƙi shiga. Ya gwada, ta faɗi. Ya ɗauka, ta faɗi. Ban san lokacin da na miƙa hannu ba, sai ji na yi an buge shi da mafici. Baba Saje ya ce, "Zauna a kan hannunka." Na zauna a kansu kuwa. Mutumin da babu mai hannunshi a ɗaurin goro, sai da ya ɗauki kamar tafasar tukunya kafin ya yi ƙulli ɗaya, karkatacce. Ya ɗaga shi yana kallo, gumi na zuba.

Satin farko ba na son tunawa. Jiki na kaɗawa, yana ganin abubuwa a bango, yana zagina yana roƙona. 'Yan zaman suka raba kwanakin a tsakaninsu, wannan ya tashi wancan ya zauna. Azumi ta riƙa aiko koko ba ta karɓar komai. Sati na biyu ya ci tuwo. Ya fara tambaya: tsamiyar gonarmu ta hanyar Kaikai tana nan? Fulanin da ke sauka bayan gari suna kawo nono har yanzu? Inna ta daina ɗaukar ruwa da kanta? Na buɗe baki na yi ta zuba, shi yana murmushi. Ndagi ya auna shi ya fara ɗinka mashi rigar komawa gida, yana cewa ba zai bar bawanshi ya shiga gari da tsumma ba.

Sai dai cikinshi na ta kumbura, idonshi ya koma rawaya. Muka kai shi asibiti, malamin asibitin ya ja ni gefe ya ce hanta ta riga ta lalace. Na ce wa Yaya mu kama hanya gobe. Ya ce, "A'a. Sai ƙulli talatin. Ba ni shiga gaban Inna da abin da bai kai wata ba." Wana ne, ban iya musa mashi ba. Har yau ina juya wannan a raina.

Safiya ta goma sha tara ya yi ƙullinshi, hannu bai yi rawa ba, ƙulli mai kyau irin na huhun goro. Ya nuna mani ya ce, "Ka gani, hannun ya dawo." Da hantsi ya fara aman jini. Kafin azahar ya cika, kanshi a cinyata.

Maza taran nan su suka yi mashi wanka, su suka ɗauke shi. A maƙabarta Baba Saje ya sa mani igiyar a tafin hannu ya rufe da nashi. Ndagi ya kawo rigar, saura wuya bai gama ba. Ya miƙo mani ita, ba wasan da ya saba.

Na biyo fataken goro ta arewa, ta Wagadugu da Yamai da Maraɗi. Mota ta lalace sau biyu, muka yi ta zaman jira. Kwana ashirin da ɗaya na yi kafin in ga Kankiya. Tun daga bakin kasuwa na ga maganar Barau ta riga ni: ana amsa gaisuwata ana ja da baya.

Inna tana zaune a inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗa. Ta dube ni, ta dubi bayana. Ba ta tambaya ba. Na durƙusa na ce, "Inna, sai haƙuri." Ta ce, "Allah ya jiƙan musulmi." Hannunta bai tsaya ba. Uwa ba ta kukan ɗan fari a gaban mutane.

Sai da mata masu gaisuwa suka ragu, kwana uku, ta kira ni ɗakinta da rana. Ta ce, "An ce ku biyun duka."

A hanya na shirya in ce mata ni kaɗai ne, zazzaɓi ne ya kashe shi. Amma na riga na gwada ɗaukar mashi sau ɗaya, na ga inda ta kai mu. Na ce, "Shi ne, Inna. Ni ƙarya na yi don in rufa mashi asiri. Amma ya bari." Na ciro igiyar na gaya mata komai, mangwaron, da Baba Saje, da mafici. Na ce, "Kowane ƙulli kwana ɗaya ne bai sha ba. Da hannunshi ya yi, ba wanda ya taya shi. So yake ya cika talatin ya zo maki."

Ta karɓa. Idonta ya riga ya yi rauni, da yatsa ta bi su kamar carbi. Ta daɗe a kan na farkon, karkataccen nan. Ta bi har na ƙarshe, ta dawo ta sake bi.

Ta ce, "Goma sha tara."

Na ce, "I."

"Kai kwana nawa ka yi a hanya?"

"Ashirin da ɗaya."

Ta naɗe igiyar a hankali, ta ɗaure a bakin zanenta. Ta ce, "Ashe ya taso. Saura kwana biyu ya iso."